Yadda Na Raka Baba Marwa Neman Gwaggo Delu

Tun da muka dawo daga Marwa ban samu sakat a rumfata ba. Mai neman faci ya kawo kekensa ya zauna, wanda ba shi da keke ma ya zo ya zauna, kowa tambayarsa ɗaya: yaya ƙasar Kamaru take, kuma da gaske ne Baba ya je ya dawo bai mari kowa ba? Na gaji da ba da labari guntu-guntu ina riƙe da sifana, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi tun daga tushe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ga wanda bai san mu ba, ni ne Isiyaku mai gyaran keke a bakin kasuwar Gaya. Mahaifinmu yana Ajingi, sunansa Malam Sabo, amma a bayan idonsa ba a kiransa da komai sai Sabo Barkono. Fataucin shanu ya yi da ƙuruciyarsa, yana koro su da ƙafa daga Barno zuwa Wudil, kuma zafin zuciyarsa ya fi shanunsa suna. In ya yi gyaran murya a zaure, cikin gida sai ya yi tsit. Ni da na kai shekara arba'in, da 'ya'yana, in ya kira sunana sai na ji gabana ya faɗi.

Ƙanwarsa ɗaya ce, Gwaggo Delu, kuma ina ƙarami ƙwarai ta bar garin, ban riƙe kamanninta ba. Wani makiyayi ta aura mai suna Buba. Da Buba ya ce zai yi gabas da shanunsa, Baba ya ce ƙanwarsa ba ta zuwa ko'ina, sai dai a sake ta. Ita kuma da ba ta taɓa musa masa ba, ta ɗauki ƙwaryarta ta bi mijinta. Baba ya rantse a gaban mutane ba shi ba ita. Ko da mahaifiyarsu ta rasu aka ce ya aika mata, ya ce bai san wadda za a aika wa ba. An fi shekara talatin a haka.

To, shekarun baya ya faɗo daga kan rumbu ya karye a ƙafa, ya yi watanni a kwance, da ya tashi sai ya tashi wani mutum daban. Awakin maƙwabci suka cinye masa wake, ya kora su har gida ya ce don Allah a riƙa ɗaurewa. Ya koma zama da jikoki yana yi musu motar kara. Ranar da aka kai 'yar Yaya Audu ɗakin miji aka gan shi yana share hawaye. Yaya Audu, babban wanmu, ya ja ni gefe ya ce wannan ruɗin tsufa ne, mu sa ido. Na yarda da shi, don mun taso muna jin ana cewa hali zanen dutse ne.

Ana nan sai wani mai fataucin fata ya kawo labarin cewa akwai wata 'yar Ajingi a Marwa mai suna Delu, mijinta ya daɗe da rasuwa. Baba ya ce da an gama kaka zai tafi. Muka kawo masa nisa, muka kawo ƙafarsa, muka ce a tura wani. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce:

"Ni na yi rantsuwar. Ba a aiken mutum ya warware rantsuwar wani."

Yaya Audu yana tsoron kada ya mutu a hanya ko ya ɓace. Ni kuma abin da nake tsoro daban ne, kada tsohon Barkonon nan ya farka a gaban 'yan sandan wata ƙasa, inda ba mu da kowa. Tunda ni ne na ɗan iya karatun boko, rakiya ta faɗo kaina.

Daga Gaya motar gyaɗa muka hau zuwa Wudil, a kan buhuna. A can muka jira a bakin gada har muka samu babbar mota mai bodin katako mai zuwa Maiduguri. Cikinta akwai wani soja da aka sallama bayan yaƙi, yana rungume da rediyo kamar jariri, da wata Babarbariya mai kwandon kaji, da 'yan goro. Shingen sojoji bai ƙare a hanya ba tukuna, kowane shinge sai an sauko an hau, kuma kowace sauka sai na tallafi Baba. Bayan Fataskum taya ta fashe, safeyar ma ashe a sace take. Direba ya tsaya yana zagin kowa, ni kuma na ce a fito min da tif ɗin, faci ai faci ne, ko na keke ko na mota. Ina can ina fama, da na dawo na tarar Baba ya kwance ƙullin guzurinmu, kilishi da ƙuli da dakuwar da matata ta yi, ya rabar wa mutanen mota kaf. Na ce a raina ga abin da Yaya Audu yake faɗa. Sai dai daga nan har Maiduguri ba mu ƙara sa hannu a aljihu don abinci ba. A Damaturu sojan nan ya sayo mana shayi da burodi, mai kaji kuma ta ba mu dafaffen ƙwai, tana ta yi wa Baba addu'a da Barbarci.

A Maiduguri muka nufi gidan fatoman da Baba yake sauka a da, wato mai masaukin fatake. Tsohon ya rasu, ɗansa Ba Modu ya karɓe mu. Gaisuwar Barebari kam sai mai haƙuri. Mu in mun tambayi gida da gajiya mun gama, su kuwa sai a zauna ana tafa hannu a hankali, a yi shiru ka ɗauka an ƙare, sai a sake ɗaukowa daga farko. Ɗakin da aka ba mu kuwa ƙamshin turaren wuta har cikin bargo. Aka kawo burabusko da miyar kuɓewa, man shanu yana yawo a kai, na ci har na ji kunya.

Da gari ya waye na koma na ɗan kishingiɗa bayan sallah, na farka ba Baba, ba sandarsa. Na duba masallaci, na duba bayan gida, na ruga tasha. Babu irin tunanin da bai zo min ba. Ina tafe ina shirya yadda zan tsaya gaban Yaya Audu in ce masa na ɓatar da ubanmu a garin da ko yarensu ba na ji. Ba Modu ne ya ce mu leƙa kara, kasuwar shanu. Can muka same shi a inuwa, ya miƙe ƙafa, kusa da wani tsohon Shuwa mai suna Jidda, suna dariya har suna riƙe ciki. Ashe a wannan karar suka taɓa dambe a kan wani bijimi, Baba ya cire masa haƙori, aka kai su gaban alƙali. Baba ya nuna min bakin mutumin ya ce guda ɗaya kaɗai ya cire, sauran Allah ne ya kwashe, kuma shi ma an kwashe nasa, don haka an yi canjaras. Na ce ai da ya gaya min zai fita. Ya dube ni ya ce garin da ya sani tun ba a haife ni ba, wa zai ɓace a ciki, shi ko ni?

Daga nan sai Bama, sai Banki, bakin iyaka. Gari ɗaya ne aka raba biyu, ka tsallaka ɗan fili sai ka ji harshe ya sauya, kaki ya sauya. Namu suka duba takardar haraji suka ce mu wuce. Na can, jandarmomi, suka tsare mu a rana. Wani matashi a cikinsu, da bai fi sa'ar autanmu ba, yana ta Faransanci, tafinta yana mayarwa da Hausa. Ya nemi katin allura, Baba ya naɗe hannun riga ya nuna masa tabon lamba, ya ce ga nasa katin. Jandarman bai yi dariya ba. Wai mutane suna ɓoye kaya a cikin hula, sai kawai ya sa 'yar sandar da ke hannunsa ya ture hular Baba ta faɗi ƙasa.

Kan Baba ya fito fili a gaban jama'a, fari fat. Na ga yatsunsa sun damƙe sanda, na ga jijiyar wuyan nan da muka sani tun muna yara ta tashi. Na fara salati a zuci, don na san abin da ke biyo bayanta.

"Isiyaku, miƙo min hulata," in ji shi.

Na miƙa masa. Ya kaɗe ta, ya sa, ya juya wajen tafinta.

"Gaya masa babu komai a ƙarƙashinta sai furfura. Allah ya ja kwanansa ya tara irinta."

Tafinta ya faɗa. Yaron ya kau da kai, ya buga hatimi bai ƙara ɗaga ido ba. Allurar dai sai da aka yi mana, hannuna ya kumbura har muka isa Marwa.

A motar da ta ɗauke mu zuwa garin Mora ban zauna lafiya ba, don su a hannun dama suke tuƙi, mu kuma a hagu muka saba. Duk motar da ta taho sai in ga kamar kanmu za ta hau, in runtse ido, mutanen ciki suna ta yi min dariya. Da na ɗan natsu na yi abin da ban taɓa yi ba, na tambayi Baba ko bai ji haushin yaron nan ba.

"Na ji mana," in ji shi. "Fushin yana nan, bai je ko'ina ba. Da shi ke hawana, yanzu ni ke hawansa."

Daga nan ya yi ta magana, idonsa a kan duwatsun Mora. Ya ce ubansu ya rasu a shekarar yunwa yana ɗan saurayi, aka bar masa uwa da ƙanwa da rumbu wayam. Tun ranar ya sa a ransa in ya sassauta ko kaɗan gidan zai rushe, kuma duk wanda ya bar gidan ya ci amanarsa. Abin da muke kira zafin zuciya, in ji shi, rabinsa tsoro ne. Da ya karye ya kwanta, sai ya ga damina ta zo, mun yi shuka, mun yi noma, gero ya nuna, ba tare da ya daka wa kowa tsawa ba. Da farko abin ya ba shi haushi, daga baya ya ji kamar an sauke masa kaya. A kwancen nan kuma ya lissafa sa'o'insa, ya ga waɗanda suka tafi sun fi waɗanda suka rage, sai ya fara tambayar kansa wa zai so ya gani kafin a kira shi. Tunda nake da shi ba mu taɓa magana mai tsawon wannan ba.

Kafin Marwa na ga abin da har yau nake ba manoman Ajingi labari ba su yarda ba: dawa kore shar a tsakiyar rani, ba ruwan sama ba ban-ruwa. Masakwa suke kiranta, dasa ta ake yi kamar albasa a baƙar ƙasa bayan ruwa ya janye. Garin kansa kuwa kowa Fillanci yake yi, har wanda ba Bafillace ba. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mai tauri, mutum ya saƙale shi a hammata ba ko takarda. Baba ya gwada shi da dasashi ya ce wannan sai dai a kora jaki da shi. Da safe kofi suke sha da madara a kwano, na nemi koko da ƙosai sai da muka shiga unguwar Hausawa.

A gidan mai unguwar Hausawa muka sauka, kuma nan aka fara wahala. Baba ya ce muna neman Delu, matar marigayi Buba, mace mai sanyi, ba a jin muryarta, ko kallonta ka yi da ƙarfi sai ta yi kuka. Dattawa suka dubi juna suka ce ba su san ta ba. Muka yi ta yawo gida-gida ana kai mu wajen tsofaffi masu sanyin hali, ba ita. Har na fara tunanin mai fata ya yi mana ƙarya. Sai matar mai unguwa ta aiko daga cikin gida cewa Delu 'yar Kano dai guda ɗaya ce a garin, Dada Delu shugabar mata masu man gyaɗa, amma ita kam ba mai sanyi ba ce, ko masu karɓar kuɗin kasuwa sai sun gaishe ta kafin su shiga layinsu. Baba ya ce ba ita ba ce, amma mu je.

Tun daga nesa muka jiyo murya. Wata dattijuwa ce doguwa, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta tsare wani mai amalanke da ya fasa mata tulun mai, tana wanke shi da Fillanci tana haɗawa da Hausa, ƙato guda ya sunkuyar da kai. Baba ya tsaya cak. Ta juyo za ta ci gaba da faɗa, idonta ya faɗa kansa, maganar ta tsaya mata a baki. Ta dube shi daga hula har sanda.

"Yaya," in ji ta. "Ka tsufa."

Ta sallami mai amalanke, ta bar wa wata mata rumfar, ta wuce gaba muka bi ta. Gida ne babba da ta gina da guminta, mata suna suyar gyaɗa a tsakar gida, jikoki ko'ina. Aka kawo mana tuwon jar dawa da miyar yakuwa da busasshen kifi, mai tsami, mu da muka saba da kuka. 'Ya'yanta maza suka zo suka gaishe mu, ɗaya direba ɗaya malamin allo. Ita kuwa ba ta zauna ba ranar, kuma ban ga alamar za a wanye lafiya ba.

Washegari da hantsi ta kori kowa daga rumfar tsakar gida. Na miƙe zan fita ta ce in zauna, don in kai labari gida daidai. Sannan ta fara. Ta faɗi yadda ciwo ya shiga shanun Buba ya ƙare su, yadda shi ma ya bi su, ya bar ta da yara ƙanana a ƙasar da ba ta da ko ɗan'uwa ɗaya. Ta ce ranar da aka fara cin zalinta a kasuwa ta waiga ta ga ba mai tsaya mata, ranar ta gano tana da murya. Ta faɗi yadda ta ji rasuwar mahaifiyarsu, a bakin wani mai goro, a tsakiyar ciniki, shekaru bayan an binne ta, yana faɗa yana zaton ta sani. Muryarta tana tashi har masu suya suka daina motsa cokali. Ta kira shi azzalumi a gabana. Ni dai ina kallon wuyan Baba.

Da ta gama ya ɗago kai.

"Duk abin da kika faɗa haka aka yi, Delu. Akwai ma wanda ba ki sani ba. Inna tana kwance ta roƙe ni in aika a kira ki, na ƙi. Ban zo da hujja ba. Na zo ki yafe min in kin iya. In ba ki iya ba, na dai gan ki."

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. Can ta juyo wajena ta tambaye ni, tsakani da Allah, ko ubana lafiyarsa ƙalau, ko kansa ya taɓu. Na ce mata lafiyarsa ƙalau. Ina faɗa na ji nauyin da na ɗauko tun daga Ajingi ya sauka, don a karon nan na san gaskiya na faɗa.

Ta ce ita fa shekara da shekaru tana tanadin amsar da za ta ba shi in ya daka mata tsawa, kowace tsawa da amsarta, yanzu ina za ta kai su? Sai muryarta ta yi ƙasa, ta koma irin wadda Baba ya kwatanta wa dattawa.

"Inna ta tafi tana fushi da ni?"

"Da ni ta tafi tana fushi. Ke kullum addu'a take miki."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Na tashi na ba su wuri. Da na dawo na tarar tana cewa Allah ya yafe mana baki ɗaya, shi kuma yana amin, gemunsa a jiƙe.

Sauran kwanakin da muka yi, musu suka yi ta yi a kan wace tsamiya ce a bakin rijiyar gidansu, da wa ya rasu wa ya rage a Ajingi. Ita ke faɗa, shi ke dariya. In bai cinye tuwo ba ta tsaya a kansa sai ya cinye. Wata rana ina taya ta ɗaure tuluna ta ce min Baba ya ɗauki kayan zafin ransa da wuri ya sauke, ita kuma sai da rana ta yi ta ɗauki nata, kuma kada in zaci yadda nake yau haka zan tsufa. Ɗanta direba ne ya kai mu har Banki, bayan ta ja masa kunne a kan ramuka da ƙafar Yayanta. Ta ce ba ta iya barin kasuwa yanzu, amma da ruwa ya ɗauke baɗi za ta zo ta ga gida.

Dawowa ba abin da ya faru sai barci da Baba ya yi ta yi, kansa a kafaɗata. Muna isa Ajingi, kafin ya huta, ya sa aka fara buga tubali don ɗakin da za ta sauka. Makon jiya na je duba shi na tarar magini ya karkatar da bango, karkatar da ko makaho zai shafa ya ji. Yaya Audu ya hau faɗa yana cewa a rushe a sake. Baba yana zaune a kan turmi da jika a cinya, ya daɗe yana duban bangon.

"Ku bar shi," in ji shi. "Mai faɗan tana hanya."